Ranar da Dabuo Ya Toshe Bakin Burkutu

Ku matso ku gyara zama. Mai ƙwarya a hannu ya ajiye ta ƙasa tukuna, kada ya zubar ya ce ni na ja masa.

A ƙauyenmu, can gaba da Nandom a arewacin Ghana, babu wanda bai san Dabuo ba, domin ko ba ka gan shi ba za ka jiyo shi. Ya taɓa zuwa Kumasi ya yi 'yan watanni yana dakon akwatunan kwalabe a bakin ƙofar wani kamfanin giya. Ciki bai taɓa leƙawa ba. Amma da ya dawo, sai ya dawo mana da hular kwano mai ruwan ɗorawa, da wata shuɗiyar ganga ta roba mai murfi da zoben ƙarfe, da sabon suna da ya raɗa wa kansa, wai Injiniya.

To, damina ta kama, ciyawa ta taso, gayyar suruki ta zo kansa. Kun san yadda take: ka tara samari ka kai su gonar uban matarka, su yi noma tun da sassafe, rana na take tsaka a sauke musu burkutu a inuwa. In giya ta yi daɗi su koma su gama gona, in babu kowa ya saɓa fartanyarsa ya kama hanya. Dabuo kuwa damina biyu ya tsallake da sunan yana Kumasi, surukinsa Baba Tengan ya riga ya fara amsa gaisuwarsa da hanci.

Matarsa Ayuo ita ta yi wahalar duka. Ta jiƙa dawa ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace, ta sake dafawa, har hayaƙi ya mayar mata da ido ja. Ana gobe gayya ruwan zaƙi ya huce a randuna, saura a zuba iri, wato yistin giya, ya tashi. Ta kwance busasshen irinta ke nan sai ga Dabuo da hular kwano.

"Dakata! Me za ki yi?"

"Abin da nake yi tun kafin ka san hanyar Kumasi. Iri zan zuba."

"A randa? Baki buɗe?" Ya juya ya dubi maƙwabta da ke shan iska a kan soraye, don ya tabbata suna ji. "Kun ga abin da ya hana garin nan ci gaba. Ku bar randa hangame, kumfa na ta zuba, ƙarfin giya yana ta bin iska. Ayuo, kin taɓa ganin kwalba ba murfi?"

"Maigida, ban taɓa ganin kwalba ta nome gona ba."

Aka yi dariya daga kan soro. Dariyar nan ita ta ɓata komai, domin Dabuo ba ya iya jin dariya ya yi shiru.

"Ai shi ya sa giyarki take kamar ruwan wanke ƙwarya," in ji shi.

Ayuo ta juya masa baya. Ta nannaɗe irinta, ta ƙulle a bakin zane, ta ɗauki 'yar jakarta ta nufi gidan ubanta. Kafin rana ta yi sanyi saƙon Baba Tengan ya iso: 'yata ta zo, ta kuma samu wurin kwana. Ranar da aka gama nome gonata, ranar za ta koma. In ciyawa ta cinye gonar, ya auri gangarsa.

Dabuo ya ce da ɗan saƙon, "Ka gaya wa Baba ya tanadi tabarma. Gobe samari za su nome gonarsa, su nome ta maƙwabcinsa, su kwana suna neman wata."

Sai dai Ayuo ta tafi da iri, Injiniya kuma bai san yadda ake yinsa ba. A wajenmu kowace mai burkutu tana kwashe kumfar da ta zubo daga bakin randa ta shanya, shi ne irin giya ta gaba. Ba a hana wanda ya roƙa. Amma wadda ta ba ka iri, ita ke da ƙwaryar ɗanɗano in giyar ta nuna, kuma ba a roƙon mata biyu, domin kamar ka ce hannun ta farko ba shi da albarka ne.

Dabuo ya zagaya ta bayan gida ya iske Iya Pognaa, ɗaya daga cikin masu burkutun garin.

"Iya, ke kaɗai na zo wa. Irin Fostina ai dusa ce, na Zunuo kuma ko akuya ba za ta lasa ba."

Iya Pognaa ta ji daɗi, ta damƙo masa cike da hannu. "Rabinsa za ka zuba, ɗana. Nawa ba ya son wasa."

Ya fito, ya tsaya ya yi lissafi irin nasa. In iri ɗaya yana ta da giya, to uku fa? Ya ratsa ta cikin masara ya je wa Iya Fostina.

"Iya, ke kaɗai na zo wa. Giyar Pognaa ai kunun marasa lafiya ce."

Ita ma ta damƙo masa, ta ce rabi. Ya wuce gidan Iya Zunuo, ya gaya mata waɗancan biyun da ruwan rafi suke cika randa. Ita har da ƙari ta ba shi.

Ya dawo ya juye ruwan zaƙin Ayuo duka a shuɗiyar ganga har wuya. Ya zuba irin Pognaa duka, na Fostina duka, na Zunuo da ƙarinsa. Ya kawo ƙullin sukari ya bi da shi, wai don giya ta san ta zo hannun mai ilimi. Ya kifa murfi, ya ja zoben ƙarfe ya ɗaure, ya bubbuga gangar kamar mai sallamar doki.

Gari na wayewa Akolgo ya iso da amalanken jakinsa, don shi zai kai giya gona. Akolgo ɗan ƙabilar Frafra ne, mu da su kuwa abokan wasa ne tun kakanni, muna musu tsiyar wai kakansu ya saci kan kare. Duk abin da ya faɗa maka sai dai ka rama, ba ka fushi. Yana shiga tsakar gida ya ja ya tsaya. Gangar ta kumbura kamar saniya mai jiran haihuwa, gindinta ya turo waje har tana rangaji ita kaɗai, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa.

"Bawana," in ji Akolgo, "wa ka ɗaure a ciki?"

"Aiki take yi. Kai me ka sani ban da satar kan kare?"

"Kan kare dai ba ya gurnani in an dafa shi. Ka buɗe mata ta yi numfashi."

"A buɗe? Ƙarfin ya gudu? Kawo mini ƙusa."

Ya gasa ƙusa a wuta ya huda murfi, ya cusa wani tsohon tiyo, ya tura ɗaya bakin a bokitin ruwa. Ya ce haka ake yi a Kumasi, iska ta fita giya ta zauna. Iska ta fita kam, amma giya ba ta ga dalilin zama ba, ta biyo ta. Kafin ya gama bayani bokiti ya cika da kumfa ya tumbatsa. Ya jawo baho, baho ya cika. Ya jawo tukunyar miyar Ayuo, ya jawo turmi, ya jawo kwanon kaji. Da ya rasa abin tarawa sai ya cire hular kwano ya tara.

Maƙwabta suka fara hawowa soraye, wasu da kokon kununsu a hannu.

"Injiniya, wanki ake yi?"

"Wannan gwaji ne!"

"To a ba mu aron kumfa, yara ba su yi wanka ba."

Dabuo ya ga giya na tafiya, ya ruga ya ciro tayar kekensa, ya zare robar ciki, ya yanke ta, ya ƙulle baki ɗaya, ya ɗaure ɗayan a bakin tiyo. Ya ce yanzu ƙarfin zai taru a nan, in an jima a mayar da shi ciki. Robar ta fara kumbura. Ta yi kaurin hannu, ta yi kaurin cinya, ta miƙe tana murɗawa a tsakar gida kamar mesa ta haɗiyi ɗan akuya. Akolgo ya ja jakinsa ya koma bayan rumbu.

"Matsoraci!" in ji Dabuo. "Robar Kumasi ce wannan."

Bai rufe baki ba ta fashe. Kaji suka tashi sama, kare ya tsallake katanga, wata tsohuwa a kan soro ta saki kokonta ta kira sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Tiyo ya fizge daga murfi, kumfa ta yi tsiri sama ta ramin ƙusa. Dabuo ya toshe ramin da babban yatsa, ta fito ta gefen zobe. Ya haye kan murfin ya zauna da dukan nauyinsa, ganga na rangaji da shi.

"Injiniya, kwanci kake yi? Yaushe za ta ƙyanƙyashe?"

Daga bayan rumbu Akolgo ya ce, "Bawana, rana na tafiya. Samari sun daɗe a gona."

Nan Dabuo ya sake wata dabara. Ya ce matsalar ganga ce, ƙarfin ya taru wuri ɗaya. In aka raba shi a jarkoki, kowace za ta ji da nata. Aka tattaro jarkokin ɗiban ruwa. Ya sauko, ya kama zoben ƙarfe ya ɓalle. Murfin nan bai tsaya sallama ba, ya tashi ya wuce kan rumbu, sai da kaka aka tsince shi a cikin gyaɗa. Kumfa ta malale tsakar gida har idon sawu, ta shiga ɗakin kwana, ta fito ta magudana. Abin da ya rage a ganga suka ɗura a jarkoki. Dabuo ya sa leda a bakin kowace, ya murɗa murfi da iya ƙarfinsa, ya ƙara da ɗaurin roba.

"Ka sassauta su ko kaɗan," in ji Akolgo, "in ba haka ba jakina ba ya tafiya."

"Jakinka ma ɗan Frafra ne, tsoro a jininku yake. Kora mu je."

Hanyar gonar Baba Tengan duk duwatsu ce da kwazazzabai. Amalanke na tsalle, jarkoki na karo da juna, rana na dukansu. Tun suna da kusurwa har suka zama kamar kabewa. Dabuo na tafe a gefe da hular kwano mai ɗigar kumfa, yana murmushi.

"Ka gani ko? Har ƙaruwa take yi. Giyar Ayuo ta taɓa ƙaruwa a hanya?"

Akolgo ya waiwayi jarkokin. Ya ƙara wa igiyar jaki tsawo, ya koma can gaba.

Suka iske samari sun nome rabin gona, sun zube a gindin ɗorawa, gumi na bin su, kowa da ƙwaryarsa a gaba. Baba Tengan na zaune a kan kujerarsa cikin farar rigar saƙi da yake sawa ranar baƙi. Ayuo na can gefe wajen tukwanen tuwo, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ga kuma Iya Pognaa, da Iya Fostina, da Iya Zunuo, kowace ta ci ado ta zo da ƙwaryar ɗanɗano, kowace tana kallon sauran biyun tana mamakin abin da ya kawo su.

Babban 'yan gayya ya ce, "Injiniya, maƙogwaro ya bushe. A sauke."

Amma Dabuo sai da ya yi jawabi. Ya ce yau garin nan zai shiga zamani. Ya ce wanda ya sha ƙwarya ɗaya zai noma kunya goma bai miƙe ba. Ya ce daga yau mata su fasa randunansu su zo ya koya musu. Sannan ya sauke jarka ɗaya, ya durƙusa gaban surukinsa, domin ƙwaryar fari ta mai gona ce, shi zai ɗiga wa kakanni a ƙasa kafin kowa ya kai baki.

"Baba, miƙo ƙwarya."

Baba Tengan ya miƙa. Ya ɗan sunkuyo yana kallon jarkar. "Wannan lafiya take kuwa?"

"Ƙoshin lafiya ke nan, Baba."

Ya kwance roba. Ya murɗa murfi sau ɗaya.

Ni ina wurin, kuma har yau ban san inda ƙwaryar Baba Tengan ta faɗa ba. Abin da na gani shi ne farin ginshiƙi ya tashi daga jarka, ya ɗauke hular tsohon, ya bugi reshen ɗorawa, ya dawo mana kamar ruwan sama. Jaki ya ji ƙara ya zabura. Amalanke ya hau dutse ya kife, jarkoki suka zubo suna gangarawa cikin kunyoyi, kowace ta bugi ƙasa sai murfinta ya harba. Wata ta bi samari, wata ta yi ta juyi wuri ɗaya tana feshi, wata ta shige tsakanin ƙafafun Iya Zunuo. Dabuo na bin su da gudu yana rungumar wannan, waccan na tashi, yana ihu, "Ku tara! Ku tara ƙwarya!" Wa zai tara? Kowa na neman bayan bishiya.

Da abin ya lafa, sai ƙarar kumfa kawai kake ji tana mutuwa a cikin ciyawa. Baba Tengan bai motsa daga kujerarsa ba. Rigar saƙi ta manne masa, kumfa na ɗiga daga gemunsa. Ya sa yatsa ya share ido ɗaya, ya dubi gonar da ta jiƙe, ya ce:

"To. Kakannina dai sun sha, har sun yi wanka. Saura masu rai."

Aka tattaro jarkoki aka kifa su ɗaya bayan ɗaya a ƙwarya guda. Abin da ya fito bai kai bakinta ba, ga kauri kamar kunun da ya kwana. Babban 'yan gayya ya miƙa wa Dabuo.

"Mai giya ke fara sha. Ka cire mana shakka."

Dabuo ya dubi ƙwarya, ya dubi jama'a, ya rufe ido ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Cikinsa ya yi irin gurnanin da ganga ta yi da safe.

Akolgo ya ce, "Ku ja baya, kada shi ma a murɗa masa murfi."

Iya Pognaa ce ta fara matsowa, tana matse ɗankwalinta. "Kai yaro, ban ce maka rabi ba? Irina ba ya haka sai an yi masa rashin kunya."

"Irinki?" in ji Iya Fostina. "Nawa ne a ciki. Ni kaɗai ya zo wa."

"Ku ji mata," in ji Iya Zunuo. "Ni har ƙari na ba shi. Da bakinsa ya ce ku biyun da ruwan rafi kuke cika randa."

Iya Pognaa ta juya a hankali.

"Ni ya ce mini naki ko akuya ba za ta lasa ba. Na Fostina kuma dusa."

"Dusa?" Iya Fostina ta dafe ƙirji. "Ni ce mai dusa? Ni da ya ce mini giyar Pognaa kunun marasa lafiya ce!"

Su ukun suka juyo kansa lokaci ɗaya. Dabuo ya fara ja da baya.

"Iyayena, ku tsaya in yi bayani. A Kumasi ana haɗa..."

"A Kumasi dako ka yi!" in ji Iya Fostina. "Ɗan ƙanwata ya gan ka da gammo a ka!"

"Munafuki mai hular kwano!" in ji Iya Pognaa. "Ni na yi wa uwarka giyar sunanka, da wannan kunun marasa lafiyar aka raɗa maka Dabuo!"

Iya Zunuo ta ɗora, "Ka shiga gida uku ta bayan katanga kamar ɓera, ka ci amanar iri uku, ka zubar da dawar yarinyar mutane a ciyawa!"

Samari dai suka matsa wajen tukwane. Suka ci tuwon Ayuo, suka wanke hannu, suka yi mata godiya, kowa ya saɓa fartanyarsa. Babbansu ya tsaya gaban Dabuo ya nuna masa inda noma ya tsaya.

"Daga nan zuwa rafi naka ne, Injiniya. Ka sha ƙwarya ɗaya, ai kunya goma ba za ka miƙe ba."

Baba Tengan ya tashi, ya ɗauko tsohuwar fartanyarsa ya ajiye a gaban surukinsa, ya kama hanyar gida yana ɗiga. Dabuo ya waiga wajen matarsa.

"Ayuo, ai kin ga dai ta yi ƙarfi."

Ayuo ta ɗora tukunya a ka. "Na gani, maigida. Ruwan wanke ƙwaryata bai taɓa cire wa Baba hula ba." Ta bi bayan ubanta.

Rabin gonar nan Dabuo shi kaɗai ya nome ta. Yana gama gaba, baya ta sake tsirowa, ya koma. Masu wucewa kan tsaya su tambaye shi ko a Kumasi ma da hannu ake yi. Ayuo ba ta koma ɗakinta ba sai da dawa ta fara fid da kai, kuma ranar da ta koma, abin da ta fara yi shi ne ta mirgina shuɗiyar ganga ta kai wa aladu su riƙa shan ruwa.

Matan nan uku kuwa, da yake ba a barin iri ya lalace, a ranar suka wuce gidan Dabuo suka kwashe kumfar da ta cika tsakar gida, da baho, da turmi, da tukunyar miya, suka shanya a kan soraye. Irin da aka samu ya ishi garin duka har da ƙauyukan gefe. Kada ku ce Dabuo bai lura ba. Yana warkewa daga ciwon baya ya fara bin gidajen burkutu yana cewa duk giyar da ake sha a ƙasar nan jikar tasa ce, don haka shi ke da ƙwaryar ɗanɗano.

Matan ba su yi masa gardama ba. Har yau in ya shigo ya zauna, mai gidan takan tashi da ladabi, ta ɗauki ƙwarya mai kyau, ta kwaso kumfar bakin randa zalla har ta yi tozo, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga naka, Injiniya. Ka yi maza, kada ƙarfin ya gudu."

Nan na sauke nawa. Mai ƙwarya ya ɗauki abarsa.